Ɗanwaken Ƙofar Islamiyya: Nazarin Wani Ƙorafin Abinci a Birnin Katsina

Wata Asabar cikin bazara, lokacin da waken bara ya yi tsada kuma ƙwari suka addabi duk mai ajiyarsa, yara shida suka kwanta ciwo a wata unguwa ta cikin birnin Katsina. Islamiyya ɗaya suke zuwa, kuma dukansu sun ci ɗanwaken da ake sayarwa a ƙofar makarantar idan an fita tara. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Na san gidajen, ni kuma aka sa na rubuta takardar ƙorafin da aka kai ƙaramar hukuma, shi ya sa na bi lamarin har inda ya tsaya. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi unguwar ko kasuwar ba, domin abin da ya faru yana iya faruwa a duk inda ake auna wake da tiya.

Ranar Asabar

Mai ɗanwaken uwar marayu ce, ba ta fita, 'yarta ke kai talla. Ta yi shekara da shekaru a wannan sana'a ba a taɓa kuka da ita ba. Ranar Alhamis ta aika aka auno mata wake a wurin mai hatsin da ta saba saye. Ta ɓarza, ta sheƙe, ta haɗa da rogo ta aika inji. A nan ya kamata a ɗan tsaya. Mai ƙosai da mai alale suna jiƙa wake, su surfe shi, su wanke ruwa bayan ruwa. Garin ɗanwake kuwa a bushe ake niƙa shi, ruwa ba ya taɓa waken sai wajen kwaɓi. Abin da aka zuba wa waken a rumfa yana iya bin garin har cikin tukunya.

Kafin a tashi makaranta yara biyu sun fara amai. Zuwa azahar sauran suna gida a kwance, ciki na murɗawa, gumi na karyo musu. Iyaye suka yi abin da aka saba yi. Wannan aka ɗura masa manja, waccan aka ba ta nono, wani aka sa masa yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Uku aka kai kemis ɗin unguwa, aka ba su maganin amai da ruwan gishiri da sukari. Biyu aka kai asibitin sha-ka-tafi. Na shida, ƙaraminsu, ɗan mai ɗanwaken ne na cikinta, ya ci a gida da safe ya sake ci a makaranta. Shi aka kwasa sai babban asibiti, don numfashinsa ya fara sarƙewa.

Likitan da ya duba shi bai daɗe yana tambaya ba. Yawu na dalala, hawaye na zuba, jiki sharkaf da gumi, ƙirji na kurari, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Abincin da ya lalace da ƙwayoyin cuta yana sa amai da zawo, amma ba ya tsuke ƙwayar ido, kuma yawanci sai an yi sa'o'i kafin ya tashi. Waɗannan alamun na maganin ƙwari ne irin dangin fiya-fiya. Gubar tana hana saƙon da jijiya ta aika ya tsaya, sai hanyoyin yawu da majina da gumi su yi ta aiki ba tsayawa, majina ta cika huhu, wannan shi ne ke kisa. Aka yi wa yaron allurar atirofin, ana ƙarawa ana duba ƙirjinsa har ya bushe. Ya kwana biyu aka sallame shi. Manja da nono ba sa karya wannan guba, tilasta wa yaro amai kuwa yana iya tura abin cikin huhunsa. A gaggauta zuwa asibiti, a tafi da ragowar abincin, shi ne kawai.

Yara shida, wurare uku. Babu ma'aikacin lafiya ɗaya da ya ga su tare. A tsarin sa ido kan cututtuka na ƙasar nan, kowace ƙaramar hukuma cikin 34 na jihar Katsina tana da jami'in da ake kai wa rahoto idan mutane da yawa suka kamu da ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya. Shi zai sanar da babban jami'in annoba na jiha, daga nan labari ya isa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Abuja. Amma tsarin yana farawa ne daga asibitin da ya ga taron marasa lafiya. Mai kemis ba ya cike takardar rahoto. Asibitin da ya ga yara biyu masu amai cikin zafin bazara ba zai ɗauka wani abu ne na daban ba. Babban asibiti ya ga yaro ɗaya, an kuma fi zaton ko ya sha maganin ne a gida. Wanda ya haɗa lissafin shi ne mai unguwa, bayan sallar magariba a ƙofar masallaci, da iyaye maza suka fara ba juna labari.

Fushin farko a kan matar ya sauka. Wasu suka ce ƙazanta ce, wasu har suka fara raɗe-raɗin abin da ya fi haka muni. Mai unguwa ya je gidan da kansa, ta tsaya daga bayan ƙofar zaure tana kuka ta ce, "Ranka ya daɗe, da na san da wani abu a ciki, zan ba ɗana?" Tukunya an riga an wanke, bokitin talla ma an wanke, ragowar ɗanwaken an zubar a kwata. Sai dai akwai sauran gari a roba, da wake kamar tiya guda da ba a ɓarza ba. Wata tsohuwa a gidan ta ɗebo ta shinshina ta ce wannan ai warin fiya-fiya ne. Matar ta ce ita ma ta ji warin tun ranar da aka kawo, ta shanya shi a rana na ɗan lokaci, don wake a wannan lokaci na shekara kusan duk haka yake zuwa. Wannan magana tata ta fi komai tayar mini da hankali a lamarin nan. Warin guba a jikin abinci ya zama abin da aka saba da shi.

Mai unguwa ya yi abu guda da ya ceci binciken. Ya ce kada a taɓa garin da waken, a ɗaure a ajiye a ɗakinsa.

Abin da hukuma ta yi

Asabar da Lahadi ofis a rufe yake. Ranar Litinin aka kai takarda sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma a ranar duba-gari ya zo tare da jami'in sa ido kan cututtuka. Na ga aikinsu da idona, kuma aiki ne na waɗanda suka san abin da suke yi. Gida gida suka bi suna rubuta shekarun kowane yaro, me ya ci, ƙarfe nawa, yaushe ciwon ya fara. Sun tambayi yaran da suka ci wani abu daban a ƙofar makarantar, awara ko rake, aka ga babu wanda ya yi ciwo a cikinsu. Suka shiga madafar matar, suka duba randa, suka tambayi ɗan ga-ruwan da ke kawo mata ruwa, suka shinshina man gyaɗa da yaji da kuka da kanwa. Daga nan suka ƙulla garin da waken a leda daban-daban, suka rubuta kwanan wata a jiki, suka ce a kai su wurin mai hatsi.

Ba su je rumfar kai tsaye ba, sai da suka biya ta wurin shugaban 'yan hatsi. Duk wanda ya san kasuwa ya san dalili. Mai hatsin dattijo ne, bai yi gardama mai tsawo ba. Ya sari buhuna tun da kaka a kasuwannin ƙauye. Da zafi ya shigo ya ga ƙwari sun fara huda waken, sai ya zazzage a kan tamfol, ya yayyafa fiya-fiya, ya cakuɗa ya mayar buhu. Niyyarsa ya bar su su daɗe, amma da waken da ke gabansa ya ƙare kuma masu saye na tsaye, sai ya kwance ɗaya bayan 'yan kwanaki. Ba ma'auni, da murfin kwalba da ido ya auna. Ya ce wa duba-gari, "Yallaɓai, in ban sa ba, kafin damina buhun ya zama gari. Kuma wallahi shi ake dafawa a gidana."

Aka kama buhun da aka buɗe da sauran da aka yi wa magani tare da shi, aka kulle su a ɗakin shugaban 'yan hatsi, aka ba dattijon takardar gargaɗi.

Wa ke da alhakin wake?

Da za ka tambayi mutum goma a bakin titi wa ke kula da lafiyar abinci, tara za su ce NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa. Hukumar an kafa ta da doka mai lamba 15 ta 1993, kuma tun zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, sunanta ya shiga bakin kowa. Amma ƙarfinta yana kan abin da aka sarrafa aka ƙunshe: fiya wata, burodi, lemon kwalba, madarar gwangwani, magunguna. Irin waɗannan suna da lambar rajista da adireshin kamfani da ranar lalacewa, ana iya bin sawunsu har masana'anta. Tiyar wake ba ta da ko ɗaya. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora kula da kasuwanni da mayanka da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren sayar wa jama'a abinci a kan ƙananan hukumomi. Ke nan abincin da mafi yawan mutanen Katsina ke ci kullum, hatsin awo da naman mahauta da abincin talla, yana hannun matakin gwamnatin da ya fi kowanne ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Duba-garin da ya zo unguwarmu da babur ɗinsa ya zo. Kayan aikinsa biro ne da littafi da hancinsa.

Akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda ta gaji tsohuwar CPC bayan an sa hannu a dokarta a 2019, kuma ofishinta na shiyyar Arewa maso Yamma yana nan Katsina. Dokar ta ba mai saye haƙƙin samun kaya marasa cutarwa, da haƙƙin neman diyya idan kayan suka cutar da shi. Babu ko mutum ɗaya cikin iyayen yaran nan da ya san da wannan ofis. Ko da sun sani, ƙorafi irin na takarda yana son shaidar ciniki, wa ya taɓa karɓar rasit a wurin mai awo?

Duk da haka NAFDAC tana da hannu a lamarin ta wata ƙofa, wato kwalbar maganin. Ita ke yi wa magungunan ƙwari rajista. Sinadarin da ke cikin yawancin abin da muke kira fiya-fiya shi ne wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, kuma tarihinsa da waken Najeriya sananne ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun wannan sinadari a jikinsa fiye da iyakar da suka yarda da ita, wato miligiram 0.01 a kowane kilo. A ƙarshen 2018 CPC ta gargaɗi jama'a a kan 'yan kasuwar da ke zuba shi a wake. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwannin da kowa ke shiga ya saya. Turawa sun rufe ƙofarsu sun huta, waken da suka ƙi kuwa mu muke ci. Dattijon nan bai sayi nasa a shagon kayan noma ba. Wani mai yawo da shi a kasuwa ne ya sayar masa, an ɗura a ƙaramar kwalba ba takarda, ba bayanin yadda ake amfani da shi, ba kwanakin da za a jira kafin a ci.

Idan aka kwatanta da abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 za a ga bambancin. A can ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti da amai da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha kayan sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo da ya lalace. Yawan marasa lafiyar ya sa gwamnatin jiha da NAFDAC suka shiga, aka kai samfur ɗakin gwaji, aka gano sinadarin haidiroksilamin a cikin abin da ake sayarwa da sunan ɗan tsami, aka bi rumbunan ajiya aka kama kaya. Tsarin yana motsi idan asibitoci suka cika. Yara shida da suka warke ba sa motsa shi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara, 420,000 na mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mafi yawan wannan adadi ba daga manyan annoba yake fitowa ba. Daga irin wannan ne, shida a nan, uku a can, ba wanda ya rubuta.

Sulhu

Ranar Laraba da dare aka zauna a zauren mai unguwa: iyayen yara, limami, shugaban 'yan hatsi, dattijon, da ƙanin mijin mai ɗanwake a madadinta. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, ba wanda ya ce da gangan ka yi. Amma kuɗin asibiti da na magani kai za ka ɗauka, ka kuma mayar wa marayun nan kuɗin wakensu." Ya amsa ba musu, ya nemi gafara, aka yafe, aka yi addu'a aka shafa.

Ban raina wannan zama ba ko kaɗan. Cikin kwana huɗu an biya waɗanda aka cuta, an wanke sunan matar da ba ta da laifi a gaban jama'a, an hana gaba tsakanin maƙwabta. Babu kotu ko ofishin da zai yi wannan a wata shida. Amma sulhu yana kashe magana ce tsakanin wanda ya yi da wanda aka yi wa. Aikin hukumar lafiya kuwa na waɗanda ba su zo zauren ba ne, waɗanda ba su ma san an yi ba. Da aka ce an sasanta, sai kowa ya ɗauka an gama, har da ofis. Iyaye suka ce a janye takarda, kada a tozarta dattijo. Abubuwa uku suka tsaya a nan.

Samfurin da aka ƙulla ba a kai shi gwaji ba. Gano maganin ƙwari a jikin hatsi yana son na'urar da babu ita a asibitin gari, sai manyan ɗakunan gwaji irin na NAFDAC da ke Kaduna, kuma sai an sami mai biyan kuɗin mota da mai sa hannu a wasiƙa. Tunda mai laifi ya amsa, aka ga ba buƙata. Amma amsa laifi ba ta faɗin yawan gubar da ke cikin waken, ba ta kuma zama hujjar da za a ɗora a teburin kwamishina a ce ga abin da ake sayarwa a kasuwanninmu.

Buhun da aka buɗe ya kusa rabi lokacin da aka kama shi. Mai ɗanwake tiya biyar ta saya. Sauran yana gidajen mutane, kuma dattijon ya san da yawa cikin masu sayensa da fuska da unguwa. Da an ce ya lissafo su a aika a gaya musu, da an yi cikin yini ɗaya. Da an sa sanarwa a gidan rediyo ko a masallatan Juma'a cewa duk wanda ya ji wari a wakensa kada ya niƙa shi gari, da ta isa. Ba a yi ba, don kada sunan kasuwa ya ɓaci.

Na uku shi ne mai yawo da kwalaben, da sauran rumfunan layin. Dattijon da bakinsa ya ce ba shi kaɗai ke yi ba. Wannan magana ce da ya kamata ta fita daga ƙaramar hukuma zuwa ma'aikatar lafiya ta jiha da ofishin NAFDAC, tunda su ke da ikon kama maganin da ba shi da rajista. Rubuta wasiƙa ɗaya ce. A ganina a nan ne aka fi yin asara, kuma ba na ɗora wa duba-garin laifi, domin babu wata ƙa'ida a gabansa da ta ce idan ka ga kaza, ka aika wa wane cikin kwana kaza. Kowace hukuma tana da dokarta, amma hanyar da ƙorafi zai bi daga wannan zuwa waccan an bar ta ga sanayya da ƙoƙarin mutum.

Kuma kama buhu kaɗai ba zai raba 'yan hatsi da fiya-fiya ba, don asarar da suke gudu gaskiya ce. Ƙwaron wake yana iya cinye jarin mutum cikin 'yan watanni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sai dai a nuna wa mutum abin da zai yi a maimakon wanda aka hana shi. Kuma akwai. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Idan aka ɗaure kowace da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Ganga ko jarka mai murfin da ke rufewa ruf ita ma haka take aiki. Iyayenmu da toka da yashi suke ajiye iri. Manoma da yawa a Katsina sun san buhun nan, amma ɗan kasuwa mai buhu talatin yana lissafin kuɗinsa ya ga kwalba ta fi araha, tunda ba wanda zai ƙara masa ko sisi don wakensa ba magani, ba kuma wanda zai gwada ya kama shi idan akwai.

Inda aka kwana

Buhunan da aka kulle sun yi makonni a ɗakin shugaban 'yan hatsi. Wanda aka buɗe aka haƙa rami aka binne shi a gaban duba-gari. Sauran aka mayar wa mai su, bisa alkawarin ba zai fitar da su ba sai ya shanya kuma warin ya tafi, wato hanci ne ya sake zama ma'auni. Jami'in sa ido ya sa lamarin a rahotonsa na wata a matsayin gubar abinci, mutum shida, babu mutuwa.

Mai ɗanwake ta yi kusan wata biyu ba ta ɗora tukunya ba, don ko bayan an wanke ta iyaye sun hana yara saye. Da ta dawo sai ta koma wanke wake ta shanya ya bushe kafin ta ɓarza, abin da ya ƙara mata yini guda a kan kowane niƙa. Hukumar makarantar ta rubuta sunayen masu talla a ƙofarta da gidajen da suke fitowa, ta kuma karɓi lambar wayar jami'in sa ido ta manna a ofishin shugaban makaranta. Shugaban 'yan hatsi ya yi alkawarin tara mutanensa kafin kaka mai zuwa, a kira malamin gona ya nuna musu yadda ake ɗaure buhun PICS, a kuma duba ko ƙungiya za ta saro shi da yawa don ya yi sauƙi. Duba-garin ya ce idan an sa rana a gaya masa, zai zo.